Kundin Ci Gaban Aiki: Bin Sawun Maganin Maleriya Daga Kwali Zuwa Jini

20 ga Janairu, 2025

A zaman da muka yi yau mun kammala tsara manufar wannan aiki, kuma tambaya guda muka ɗora shi a kai: idan mai zazzaɓin cizon sauro ya sha haɗin magungunan atemita da lumefantirin, amma zazzaɓin ya dawo masa bayan mako biyu ko uku, mene ne ya gaza? Amsar da ta fi saurin zuwa bakin mutane a 'yan shekarun nan ita ce ƙwayar cutar ta fara bijire wa magani, kuma fargabar tana da tushe, domin rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na ƙarshen 2024 ya ƙiyasta cewa an kamu da cutar sau miliyan 263 a shekarar 2023, mutum kimanin 597,000 suka rasu, kashi 95 cikin ɗari daga cikinsu a nahiyar Afirka, inda wannan haɗi shi ne maganin da aka fi dogaro da shi. Sai dai ra'ayina, wanda abokan aiki suka amince a gina binciken a kansa, shi ne bai kamata a yanke wa ƙwayar cuta hukuncin bijirewa ba sai an tabbatar cewa maganin ya isa jini da yawan da zai iya kashe ta. Saboda haka za mu fara da ingancin ƙwayar maganin kanta, mu wuce ga yadda take narkewa, sannan mu auna abin da ya rage a jinin majinyaci a rana ta bakwai.

17 ga Fabrairu, 2025

Wannan watan ya tafi ne wajen karanta abin da aka riga aka gano game da magungunan biyu, kuma ina ganin ya dace in rubuta shi dalla-dalla, domin duk abin da za mu auna nan gaba yana rataye ne a kan bambancin da ke tsakaninsu.

Atemita ɗan gidan atimisinin ne, sinadarin da Tu Youyou da tawagarta suka tace daga wani nau'in tazargade a ƙasar Sin a farkon shekarun 1970, ƙarƙashin wani shirin gwamnati da aka fara a 1967, aikin da ya kai ta ga lambar yabo ta Nobel a 2015. Ƙarfinsa yana cikin wata gada ta iskar oksijin da ke jikin sinadarin, wadda ke tsinkewa idan ta haɗu da ƙarfen da ke fitowa yayin da ƙwayar cutar ke cin jan sinadarin jini, sai abin da ya fito daga tsinkewar ya lalata furotin ɗin ƙwayar cutar ta fuskoki da yawa lokaci guda. Yana cikin magungunan maleriya mafi sauri, domin yakan rage yawan ƙwayoyin cutar har ninki dubu goma a kowane zagayen rayuwarsu na awa 48. Rauninsa kuwa shi ne ba ya daɗewa a jiki: cikin awa ɗaya zuwa uku rabinsa ya fita daga jini, hanta ta mayar da wani kaso nasa zuwa daihaidiro-atimisinin, wanda shi ma yake kashe ƙwayar cutar amma shi ma ba ya jimawa. Kwana uku na shan magani zagaye biyu kawai na rayuwar ƙwayar cutar yake riska, don haka dole a samu 'yan ragowa.

Waɗannan ragowa su ne aikin lumefantirin. Shi ba ya da gaggawa, yakan ɗauki kwana uku zuwa shida kafin rabinsa ya bar jini, kuma yana hana ƙwayar cutar daskarar da dafin da ke fitowa daga jinin da ta ci, har dafin ya taru ya halaka ta. Kowace ƙwayar magani ta asali tana ɗauke da miligiram 20 na atemita da miligiram 120 na lumefantirin, ana shan ta sau shida cikin kwana uku, na biyu bayan awa takwas da na farko, sauran kuma safe da yamma. Babban mutum mai nauyin kilo 35 zuwa sama yana shan huɗu kowane lokaci, jimilla 24. Abin da na fahimta daga karatun nan, kuma shi ya ƙarfafa mini gwiwa kan alkiblar da muka ɗauka, shi ne saukar zazzaɓi a rana ta biyu aikin atemita ne, amma warkewar da ba ta da komowa aikin lumefantirin ce, kuma lumefantirin ɗin ne ya fi wahalar shiga jini.

24 ga Maris, 2025

Samfuran magani sun fara taruwa. Mun ba kowanne lambar sirri, kuma wanda ke yin gwaji ba ya ganin kwalin, domin kada sunan kamfani ya rinjayi idonsa. Kafin kowace na'ura ta taɓa su, akwai dubawar ido wadda mutane ke rainawa: rubutun kwali, lambar rukunin da aka sarrafa, ranar ƙarewar aiki, ko lambar da ke kan kwali ta yi daidai da wadda ke kan takardar azurfa da ke ciki. Ƙwayar maganin rawaya ce saboda lumefantirin, kuma idan aka jera samfura daban-daban a kan farin faranti ƙarƙashin fitila, bambancin launi yakan fito fili, wata rawaya ƙal, wata ta ɗan koɗe, wata kuma da ɗigo-ɗigon duhu a fuskarta. A cikin wani samfur, ƙwayoyin suna barin gari a cikin ramin takardar azurfa da zarar an ɓallo su, gefensu ya zaizaye, alamar ko dai ba a matse su da kyau ba wajen sarrafawa ko kuma danshi ya ratsa su. Launi kaɗai ba hujja ba ne, amma mun rubuta komai.

Daga nan muka auna nauyin ƙwayoyi 20 daga kowane samfur ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda littattafan ma'aunin magunguna suka tanada, sannan muka yi gwajin farko na faranti mai siririn shafe, wanda ke nuna ko sinadarin da aka rubuta yana ciki ko babu shi sam. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin kowane goma na kayan magani a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin tattalin arziki jabu ne ko kuma bai kai ma'auni ba, kuma bambanta waɗannan biyun yana da muhimmanci ga aikinmu. Jabun da babu komai a cikinsa yana iya kashe majinyaci, amma ba ya koya wa ƙwayar cuta komai. Wanda ke ɗauke da rabin abin da ya kamata shi ne ya fi haɗari ga al'umma, domin yana kashe raunanan ƙwayoyin cuta ya bar masu ƙarfi su hayayyafa.

28 ga Afrilu, 2025

Auna yawan sinadarin da na'urar HPLC, wadda ke rarrabe sinadaran da ke cikin ƙwayar magani ta auna kowanne da haske, ya ci lokaci fiye da yadda jadawali ya nuna. Dalilin yana cikin yanayin magungunan: lumefantirin yana shan hasken da na'urar ke haskawa sosai, ga shi kuma ya ninka abokinsa sau shida a cikin ƙwaya, shi kuwa atemita kusan ba ya shan hasken sai a can ƙasa, wajen zangon haske na nanomita 210, inda ruwan narkarwar kansa ke kawo hayaniya a kan jadawalin. Mun raba aunin gida biyu, kowane sinadari da nasa zangon haske, kuma yanzu layukan suna fitowa a rarrabe. Ƙa'idar da muke bi ita ce kowane sinadari ya kasance tsakanin kashi 90 zuwa 110 cikin ɗari na abin da aka rubuta a kwali. Mafi yawan samfuran sun tsallake, kuma waɗanda suka tsaya a bakin iyaka za a maimaita su kafin a ce komai a kansu.

26 ga Mayu, 2025

A nan ne aikin ya fara nuna abin da muka yi zato. Na'urar gwajin narkewa tana da jerin tulunan gilashi a cikin ruwan da aka tsayar a digiri 37, daidai da ɗumin jikin mutum, kowanne da ɗan filafili da ke juyawa a hankali, sai a jefa ƙwaya ɗaya a riƙa ɗibar ruwan lokaci bayan lokaci ana aunawa. Lumefantirin kusan ba ya narkewa a ruwa zalla, don haka ana amfani da ruwa mai asid da aka ƙara wa sinadarin da ke taimaka masa ya saki jiki. Ƙwaya mai kyau takan fashe cikin 'yan mintuna, garin ya tashi ya bazu, ruwan ya rine ya zama rawaya daga ƙasa zuwa sama. Amma akwai samfuran da suka tsallake gwajin HPLC lafiya lau, sinadarinsu cikakke, sai ga shi sun kwanta a gindin tulu sun dunƙule, filafilin yana wucewa ta kansu, ruwan sama kuma yana nan kusan fari har lokacin ɗiban farko ya wuce. Maganin yana cikin ƙwayar, amma bai fito ba, kuma abin da bai narke a hanji ba ba zai taɓa ganin jini ba.

Ba zan yi gaggawar ɗora wa waɗannan samfura laifi ba, domin tulun gilashi ba cikin mutum ba ne, kuma jinkirin narkewa a na'ura ba lallai ya zama ƙarancin magani a jini ba. Abin da ya tabbata dai shi ne gwajin yawan sinadari kaɗai bai isa a ce magani yana da inganci ba, alhali bincike da dama kan ingancin magani a nan suke tsayawa saboda na'urar narkewa tana da wuyar samu da wuyar kulawa.

Wannan ya kai mu ga batun maiƙo. An daɗe da sanin cewa shan lumefantirin tare da abinci mai maiƙo yana iya ninka abin da ke shiga jini har sau 16 idan aka kwatanta da shansa da yunwa, atemita kuwa kimanin ninki biyu. Wani bincike da aka wallafa a 2007 ya nuna cewa ba maiƙo mai yawa ake bukata ba, giram 1.2 ya isa a samu kusan dukkan amfanin, wato abin da 'yan cokulan madara za su bayar. Matsalar ita ce wanda zazzaɓi ya kwantar ba ya son abinci, musamman a ranar farko, kuma idan ya yi amai cikin awa ɗaya da shan magani dole a sake ba shi. Akwai kuma iyaka ga abin da hanji ke iya ɗauka a lokaci guda, shi ya sa haɗa na safe da na yamma a sha sau ɗaya yake rage abin da ke isa jini maimakon ya ƙara shi. Ina ganin wannan bayani ya cancanci a faɗa wa kowane majinyaci da baki yayin miƙa masa magani, ba a bar shi a cikin ƙananan rubutun takardar da ke kwali ba.

23 ga Yuni, 2025

Takardun neman izinin ɗibar jini suna gaban kwamitin ɗa'ar bincike, kuma sun nemi mu sauƙaƙa harshen takardar amincewa da iyayen yara za su sa wa hannu, buƙatar da na ga tana kan hanya. Kafin amsarsu ta fito, mun saka rabin kowane samfur a akwatin gwajin juriya a digiri 40 da danshi kashi 75 cikin ɗari, inda za su zauna wata shida. Atemita ba ya son zafi da danshi, kuma muna so mu ga waɗanne kwalaye ne ke kare shi.

21 ga Yuli, 2025

A farkon wannan wata hukumar kula da magunguna ta ƙasar Suwizalan ta amince da wani sabon nau'in wannan haɗi, mai suna Coartem Baby, na kamfanin Novartis, wanda aka tsara domin jariran da nauyinsu bai kai kilo biyar ba. Labarin ya shafi aikinmu kai tsaye, domin dalilin da ya sa aka buƙaci nau'i na musamman shi ne hantar jariri ba ta gama ƙosawa ba, tana sarrafa atemita a hankali, ta yadda gutsura masa ƙwayar manyan yara zai iya tara masa sinadarin fiye da kima. Jikin yaro ba ya karɓar magani yadda na babba ke karɓa, kuma ba a ƙididdige masa da nauyi kaɗai.

A wajen lumefantirin matsalar ta juya ne. Wani babban nazari da aka wallafa a 2015, wanda ya tattara bayanan dubban majinyata daga ƙasashe da dama, ya nuna cewa idan yawan lumefantirin a jini a rana ta bakwai ya kai nanogiram 200 a kowace mililita, fiye da kashi 98 cikin ɗari suna warkewa, kuma waɗanda suka fi faɗuwa ƙasa da wannan mizani su ne ƙananan yara, musamman masu fama da tamowa, da kuma waɗanda ƙwayoyin cutar suka yi yawa a jininsu. Mata masu juna biyu su ma jikinsu yakan fitar da maganin da wuri. Wato waɗanda cutar ta fi kashewa su ne waɗanda maganin ya fi ƙaranci a jininsu, kuma wannan ya daɗe yana damuna. Shi ya sa muka zaɓi rana ta bakwai: awo ɗaya ne tak, amma yana ba da labarin duk abin da ya faru tun daga ƙwayar farko.

25 ga Agusta, 2025

Izinin ya fito, kuma kafin mu fara karɓar majinyata mun yi doguwar muhawara kan ko ya kamata mu ƙara gwajin ƙwayoyin gadon cutar a cikin aikin. Wani abokin aiki ya yi gargaɗin cewa idan muka mai da hankali kan ingancin magani da maiƙo kaɗai, za a fahimce mu kamar muna musun bijirewar da ke faruwa, kuma gaskiyarsa ce. An fara ganin jinkirin mutuwar ƙwayar cutar a yammacin Kambodiya a 2008 da 2009, a 2014 aka gano cewa sauyi a ƙwayar gado mai suna kelch13 ne ke bayansa, sannan aka ba da rahoton irin wannan sauyi a Ruwanda a 2020, a arewacin Uganda a 2021, a Eritriya a 2023, kuma binciken gado ya nuna cewa a Afirka suka tsiro da kansu, ba daga Asiya aka kawo su ba. Wanda ya san tarihin kulorokwin, wanda bijirewarsa ta fara a ƙarshen shekarun 1950 ta isa gabashin Afirka a 1978, mace-macen yara suka ƙaru a bayanta, ba zai yi wasa da wannan ba.

Sai dai sauyin kelch13 ba ya hana atemita aiki gaba ɗaya. Abin da yake yi shi ne ƙwayar cutar, a matakinta na ƙuruciya a cikin jan ƙwayar jini, takan rage cin jini, sai ƙarfen da ke tayar da maganin ya yi kaɗan, ta lallaɓa har 'yan awoyin atemita su wuce. Sakamakon shi ne ragowar da ake bar wa lumefantirin ta fi yawa. Muddin lumefantirin yana da ƙarfi kuma ya isa jini, majinyaci yakan warke, amma idan ragowa mai yawa ta haɗu da lumefantirin kaɗan, a nan ne ake koya wa ƙwayar cutar jure shi ma. Kudu maso gabashin Asiya ta ga haka da wani abokin haɗin, wato fiferakwin, wanda ya gaza bayan atimisinin ya yi rauni. Don haka tambayoyin biyu ba kishiyoyin juna ba ne, kuma mun yanke shawarar adana ɗigon jini na ranar farko domin a karanta kelch13, tare da ƙwayoyin gado pfcrt da pfmdr1 waɗanda ke da alaƙa da yadda ƙwayar cutar ke amsa lumefantirin.

Mun kuma ƙara tambaya a takardar rajista game da sauran magungunan da mutum ke sha. Sinadarin hanta mai suna CYP3A4 ne ke sarrafa magungunan biyu, kuma rifamfisin na tarin fuka da efabirenz na cutar ƙanjamau suna zaburar da shi har ya cinye maganin maleriya kafin ya yi aiki, yayin da lofinabir da ritonabir ke danne shi, lumefantirin ya taru.

29 ga Satumba, 2025

An fara karɓar majinyata. Kowa sai an tabbatar da cutar a jininsa ta madubin likita kafin a saka shi, kuma za a bi shi kwana 28 kamar yadda ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta tanada ga wannan haɗi. Idan ƙwayoyin cutar suka sake bayyana, gwajin PCR, mai duba ƙwayoyin gadon cutar, ne zai bambance ko tsofaffin ne suka farfaɗo ko sauro ne ya kawo sababbi, domin ba a lissafa sabon cizo a matsayin gazawar magani. Jinin rana ta bakwai daga yatsa ake ɗibarsa, a ɗiga a kan takardar tacewa da aka riga aka jiƙa da asid ɗin tatarik don lumefantirin ya saku daga takardar lokacin aunawa, a bar shi ya bushe a inuwa, sannan a rufe a leda tare da ƙullin da ke shanye danshi.

Hirar da ma'aikatan jinya ke yi da majinyata ta fara fito da abubuwan da na'ura ba za ta nuna ba. Shan magani na biyu, wanda ya kamata ya zo bayan awa takwas, yakan faɗo tsakar dare ga wanda ya fara da yamma, kuma da yawa sukan bar shi sai safiya. Wasu iyaye sukan dakata da zarar jikin yaro ya yi sanyi ya fara wasa, su ajiye sauran ƙwayoyin don wata rana, alhali waɗannan na ƙarshen su ne suka fi shiga jini saboda a lokacin ne yaro ya fara cin abinci. Ba ma tsawata wa kowa, domin amsar gaskiya muke nema, kuma ma'aikatan sun lura cewa idan aka nemi a ga takardar azurfar maimakon a tambaya ko an shanye, maganar takan fito ba tare da jin kunya ba.

27 ga Oktoba, 2025

Samfuran da ke akwatin zafi da danshi sun wuce rabin wa'adinsu, kuma awon tsakiyar zango ya nuna cewa atemita ya fara raguwa a wasu, galibi waɗanda ke cikin takarda mai fuskar roba, yayin da waɗanda azurfa ta rufe gaba da baya suke nan kusan yadda suka shiga. Za mu jira awon ƙarshe a watan Disamba kafin mu rubuta wannan a matsayin sakamako. Takardun jinin rana ta bakwai suna taruwa a firji, kuma ba za mu fara auna su ba sai mun gama tabbatar da hanyar aunawar da jinin da muka zuba wa lumefantirin da kanmu, mun ga cewa tana iya kama abin da ke ƙasa da nanogiram 200 ba tare da kuskure ba. Bayan haka ne za a buɗe lambobin sirri, a haɗa kowane majinyaci da samfurin da ya sha, da abin da ya ci, da sauyin da ke jikin ƙwayar cutarsa. Kwamitin ɗa'a ya kuma karɓi buƙatarmu ta ƙara rukunin mata masu juna biyu, tun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a 2022 da amfani da wannan haɗi har a watanni ukun farko na ciki, kuma muna sa ran fara karɓarsu a farkon shekara mai zuwa idan izinin ya fito kan lokaci.